Gyaɗar Wa, Kuɗin Wa? Gwamnatin Jiha Da Cinikin Ƙasashen Waje

Wannan shi ne jawabin da akawun jam'iyya ya yi wa taron membobi da 'yan kasuwa. Mun buga shi yadda ya faɗe shi.

 Mun gode da kuka rufe rumfunanku da wuri kuka taho.

Maganar da aka sa mu yi yau ita ce ta kayan da a ke fita da su ƙasashen waje, da wanda ya ke da ikon yanke shawara a kansu. Duk lokacin da aka rufe iyaka, ko aka hana fita da wani kaya, ko farashi ya karye a hannunku, in kun kai kuka ga gwamnatin jiha amsa ɗaya ku ke samu, watau wannan ba huruminmu ba ne, na Gwamnatin Tarayya ne. In kuwa zaɓe ya gabato, sai ku ji waɗannan mutane dai suna cewa da za a sakar musu iko kamar yadda aka sakar wa Jihar Arewa zamanin Sardauna, da tuni dalar gyaɗa ta dawo. Ko wace ɗaya cikin maganganun nan biyu da gaskiya a cikinta, ko wace ɗaya kuma da abin da ta ɓoye. Tun da ya ke an taɓa gwada abin, ya kamata mu duba yadda aka ƙare, mu yi lissafi kamar yadda ku ke yi da yamma in kun tashi kasuwa.

Da fari, domin samari, in mun ce Jihar Arewa muna nufin babbar jihar nan mai hedkwata a Kaduna, wadda ta kama daga Sakkwato zuwa Barno, daga Katsina zuwa Ilori, aka rarraba ta shida a 1967.

Cinikin gyaɗa ba gwamnati ta ƙago shi ba, ku riƙe wannan. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, auduga Turawa su ke sa rai za su samu domin masaƙun Ingila, har sun kafa injin gurza a Zariya. Amma manomin Kano ya auna ya ga gyaɗa ta fi masa: tana shiga cikin gero da dawa, matan gida sun san ta, in kasuwa ta ƙi a ci ta, audugar kuwa masaƙan gida sun fi Bature biya. Fatake masu cinikin goro, irin su Umaru Sharubutu da Maikano Agogo, daga baya kuma Alhassan Dantata, su suka baza yaransu ƙauyuka da gishiri da tufafi da kuɗi, suna tara gyaɗa suna kai wa kamfanoni. Kakar 1912 zuwa 1913 sai da gyaɗa ta fi ƙarfin tashar jirgin Kano. Ba minista, ba hukuma. Talaka da ɗan kasuwa ne suka ga hanya suka bi.

Hannun gwamnati ya shigo ne da yaƙin Hitila. Ingila na bukatar mai da abinci, sai aka kafa hukuma a 1942 wadda ita kaɗai za ta sayi amfanin gona na Afirka ta Yamma ta sayar a waje. Aka ce na lokacin yaƙi ne. Yaƙi ya ƙare a 1945, hukuma ba ta ƙare ba, sai ma ta haihu: ta koko a 1947, ta gyaɗa da ta auduga da ta manja a 1949. Dalilin da aka bayar mai daɗin ji ne. Aka ce farashin duniya hawa da sauka ya ke yi, saboda haka hukuma za ta yanka farashi ɗaya kafin kaka, shekarar da kasuwa ta yi kyau ta ajiye rarar, shekarar da ta lalace ta ciko wa manomi daga ajiyar. Watau adashi ne. Sai dai adashin da ba a tambaye ka ba aka sa ka, kuma uwar adashi ita ke faɗin ranar kwasa.

Dalar gyaɗar nan da a ke bugawa a hotuna, a ke yi mana kuri da ita, mu faɗi gaskiya a kanta. Shaidar ƙwazon manomi ce, ba shakka. Amma kuma shaidar gazawar reluwe ce. Daga Kano zuwa Ikko mil wajen 700 ne a kan layi ɗaya, bayan yaƙi kuwa ba isassun injuna ba isassun taragu, sai gyaɗar bana ta tarar da ta bara ba a kwashe ba. Aka riƙa jibga buhuna ana rufewa da tamfol, ƙwari na ci, rana na duka. Ɗan kasuwan da ya san ciwon kuɗinsa ba ya murna da kayan da suka kwana shekara a fili.

To, yanzu ga inda gwamnatin jiha ta shigo. Duk waɗannan hukumomi na tsakiya ne, a Ikko su ke. Kuɗin fito na kayan da a ke fitarwa da na waɗanda a ke shigowa da su, a bakin teku a ke karɓa. Arewa ba ta da teku. Wannan shi ne abin da ya hana shugabannin Arewa barci, kuma a nan ba mu ga laifinsu ba. Bayan rigimar da aka yi a Majalisar Wakilai ran 31 ga Maris 1953 kan batun mulkin kai, da tarzomar Kano ta watan Mayu, majalisun Arewa suka fito da bukatu takwas. Ku dubi abin da ke ciki. Sun ce ko wace jiha ta riƙe al'amuranta, a bar wa tsakiya tsaro da hulɗa da ƙasashen waje da kwastan. Sun ce reluwe da tashoshin jiragen ruwa a sa su hannun hukumomi masu zaman kansu. Sun ce a shirya kwastan yadda kayan da aka nufo ko wace jiha da su za a lissafa su dabam. Wanda ya karanta da idon ɗan kasuwa zai ga rabin takardar nan maganar hanyar kaya ce. Haka kuma a taron London na wannan shekara, da jam'iyyar Awolowo ta ce Ikko ta Jihar Yamma ce, wakilan Arewa suka ƙi, domin ba su yarda ƙofar da gyaɗarsu ke fita ta zama mabuɗinta na aljihun wata jiha ba. Sakataren Ƙasashen Mulkin Ingila, Lyttelton, ya yanke cewa Ikko ta zama ta Tarayya.

A 1954 Jihar Arewa ta samu yawancin abin da ta nema. Aka rushe hukumomin nan na tsakiya, aka ba ko wace jiha hukumar cinikinta, aka raba musu ajiyar da aka tara, miliyoyin fam. Yamma ta fi samu saboda koko, Arewa ta bi mata. Aka kuma yarda rabin kuɗin fito na kayan da aka fitar ya koma jihar da ta noma su. A 1958, bisa shawarar kwamitin Raisman, aka mai da shi duka ba rabi ba, sa'an nan aka buɗe wani asusu na haɗaka da a ke zuba kashi 30 cikin 100 na kuɗin fiton sauran kayan da a ke shigowa da su, Arewa na ɗaukar kashi 40 cikin 100 na asusun. Sayarwa a waje dai ta tsaya a hannu ɗaya, wani kamfani da aka kafa a 1958 shi ke sayar wa dukan jihohi. Amma yanka farashin manomi, da ba da lasin na saye, da riƙe rarar, duk sun koma Kaduna.

Ga tambayar da muka tara ku dominta. Da iko ya baro Ikko ya dawo Kaduna, nawa aka ƙara wa mai gyaɗa?

Wani masanin tattalin arziki mai suna Helleiner ya bi littattafan hukumomin nan ya yi lissafi, ya buga a 1966. Abin da ya samu a kan gyaɗa shi ne, daga 1947 zuwa 1962, in an cire kuɗin jirgi da na dako da ladan masu saye, abin da ya rage wanda ya kamata ya shiga hannun manomi an riƙe kimanin kashi ɗaya cikin huɗu nasa. Da kuɗin wancan zamani, ko wane fam guda an zare sule 5. Ta hanya uku a ke zarewa: kuɗin fito a bakin teku, da harajin sayar da amfanin gona da jiha ta ɗora, da rarar da hukuma ke ajiyewa. Ku lura, wannan ban da harajin da dagaci ke karɓa, ban da jangali. Shi wancan haraji manomi ya san shi, yana da rasit, yana iya yin gunaguni. Wannan kuwa ba ya ganinsa, a cikin sikeli a ke yanke shi tun kuɗi ba su taɓa tafin hannunsa ba. Akawun gwamnati mai albashi bai biya irinsa ba, mai kanti bai biya ba. Mutumin da ya fi kowa talauci shi aka fi tatsa, kuma shekarun da lissafin nan ya ƙunsa rabi na mulkin Ikko ne rabi na mulkin Kaduna. Hannun da ke cikin aljihu ya sake, aljihun dai shi ne.

Kada wani ya fita daga nan ya ce mun ce an cinye kuɗin duka. Ba haka muka ce ba. Akwai shekarun da farashin duniya ya faɗi, hukuma ta biya manomi fiye da abin da kasuwa za ta ba shi. Masaƙar Kaduna da aka buɗe a 1957, da kuɗin hukumar ciniki da na hukumar raya jiha aka haɗa da wani kamfanin Ingila aka gina ta, dubban mutane sun ci abinci a cikinta. An yi hanyoyi, an haƙa rijiyoyi, an raba irin auduga mai kyau da aka gyara a Samaru, an hana a cuɗa gyaɗa da tsakuwa, har sunan gyaɗar Nijeriya ya yi daraja a kasuwannin Turai. Matsin da Arewa ta yi a kan maganar sufuri ya yi amfani: Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa yana Ministan Sufuri ya tafi Amurka a 1955 ya dubo yadda a ke dakon kaya a kogin Misisifi domin a gwada a Kwara da Binuwai, a 1958 kuma Bankin Duniya ya ba da rancen dala miliyan 28, wanda da shi aka ja layin dogo har ya kai Maiduguri a 1964. A shekarun nan Nijeriya ce kan gaba a duniya wajen fitar da gyaɗa. Waɗannan duka gaskiya ne.

Amma abin da mu ke so ku gane shi ne, adashi ya zama baitulmali. Da aka fara, ajiyar ta manomi ce domin ranar wahala. Da ta koma hannun jihohi, sai ko wace gwamnati ta ga ga kuɗi nan a kwance, ba sai an je majalisa an ɗora sabon haraji an sha surutu ba. A Jihar Yamma abin ya kai har Gwamnatin Tarayya ta kafa kwamitin Coker a 1962, ya gano miliyoyin fam na manoman koko sun bi ta wani kamfani sun faɗa hidimar jam'iyyar da ke mulki. A Arewa ciwon ta wani wuri ya fito, watau wajen lasin. Da fari masu lasin saye kusan duk baƙi ne, su U.A.C. da Janhol da kamfanonin Faransa da Kwarori, ɗan ƙasa sai ɗai-ɗai irin su Dantata. Gwamnatin jiha ta ce za ta shigar da 'yan Arewa, ta kuwa shigar, wannan abin yabo ne. Sai dai lasin da rancen banki da ke biye da shi ba a kan kowa su ke faɗawa ba. 'Yan NEPU, jam'iyyar da aka kafa a Kano ran 8 ga Agusta 1950, sun sha kukan cewa ɗan kasuwan da ke tare da su ba ya ganin ƙofar. Kowa ya san abin da zai faru ga ra'ayin mutum in abincinsa na shekara ya rataya ga sa hannun wanda ya ke hamayya da shi.

Manomin da ke kusa da iyaka kuwa ya sami tasa dabara. Ƙasar Nijar ma ta kafa nata kamfanin gyaɗa a 1962. Shekarar da farashin Maraɗi ya fi na Katsina sai jakuna da raƙuma su nufi arewa da dare, shekarar da na nan ya fi sai su juyo. Gwamnatoci biyu suna kiran wannan fasa-ƙwauri. Manomi bai karanta littafin kowa ba, amma ya san inda sikeli ya fi nauyi.

Ƙarshen labarin gajere ne. Aka raba jihohi a 1967, man fetur ya zama shi ne uban gida, gwamnati ta daina duban gona domin ta sami wata saniyar tatsa. Fari ya zo a 1972 da 1973. A 1973 Gwamnatin Tarayya ta karɓe ikon yanka farashi daga jihohi. A 1975 cutar nan mai dankwafar da gyaɗa, wadda ƙananan ƙwari ke yaɗawa, ta share gonaki. A 1977 aka sake kafa hukumomi na ƙasa baki ɗaya, ta gyaɗa a Kano, ta auduga a Funtuwa, amma an makara, manomi ya koma gero da dawa da wake, ɗan abin da ya noma na gyaɗa kuwa masu ƙuli-ƙuli da injunan mai na gida sun fi hukuma biya. A 1986 gwamnatin Babangida ta rushe hukumomin gaba ɗaya. Iko ya tashi daga Ikko zuwa Kaduna, ya sake komawa tsakiya, aka jefar da shi, ba a taɓa tsayawa da shi a rumfar mai kaya ba ko sau ɗaya.

Yanzu mu dawo ga amsar nan ta ba huruminmu ba ne. A takarda gaskiya ce. Tsarin mulki na 1999 ya sa kwastan, da kuɗin fito, da ciniki tsakanin Nijeriya da waɗansu ƙasashe cikin jerin abubuwan da Tarayya kaɗai ke yi wa doka. Gwamna ba ya iya buɗe iyaka ko rufe ta. Amma ku dubi abin da ya faru a 2019. Ran 7 ga Yuli Shugaba Buhari ya sa hannu a Yamai kan yarjejeniyar ciniki ba shinge ta ƙasashen Afirka. Cikin watan Agusta, ko wata biyu ba a yi ba, aka rufe iyakokin ƙasa. Dalilin da aka bayar shi ne shinkafar waje da makamai da man fetur da a ke satar fita da shi. Amma ƙofa in an rufe ta, mai fita ma ta rufe masa. Mai kai dawa da yadi da takalma da kayan roba Maraɗi da Damagaram, da mai sayo dabbobi a Maigatari da Illela, da masu mota da 'yan dako, duk suka zauna, sai ran 16 ga Disamba 2020 aka buɗe iyakoki huɗu. Wata goma sha shida. A 2023, bayan juyin mulkin Nijar, aka sake rufewa har Maris 2024. Shugabannin 1953, duk da abin da muka faɗa a kansu, sun yi faɗa da tsakiya saboda ƙofar teku. Ƙofar tudu fa, wadda ita ce tekun Katsina da Jigawa da Sakkwato da Kebbi da Yobe da Barno? Gwamnoni na zama a Majalisar Tattalin Arziki ta Ƙasa, wadda Mataimakin Shugaban Ƙasa ke shugabanta. Kujerar ba ta ado ba ce. Wanda ba shi da ikon yanke hukunci yana da bakin faɗa, yana kuma da akawuna da za su ƙidaya masa buhu nawa ya ruɓe da mota nawa ta tsaya, ya ajiye lissafin a kan tebur.

Haka aka yi da kaɗanya. A Agusta 2025 Gwamnatin Tarayya ta hana fita da ƙwarar kaɗe ɗanya na wata shida, domin a tilasta sarrafa ta a gida. Niyyar ba mu ƙi ta ba, mun fi kowa son a riƙa fitar da man kaɗe maimakon ƙwara. Amma an yi shelar ne tsakiyar kaka, bayan mata sun gama tsinta, 'yan kasuwa sun zuba jari, farashi ya faɗi cikin 'yan kwanaki. Wa ya ci ribar faɗuwar? Mai inji. Wa ya biya? Matar ƙauye a Neja da Kwara da Kebbi. Ku duba da kyau, wannan shi ne sule 5 ɗin nan na mai gyaɗa ya dawo da wata riga: a danne farashin mai kaya domin a gina masana'anta, ba a tambaye shi ba.

Maganar tallafin fitar da kaya kuwa, akwai shi a takarda. Akwai hukumar ƙarfafa fitar da kaya tun 1976, akwai bankin da aka kafa domin masu fita da shigo da kaya a 1991, akwai kuma wani tallafi da doka ta tanada tun 1986, wanda a ke mayar wa mai fitar da kaya wani kaso na abin da ya sayar. An dakatar da shi a 2014, aka maido shi a 2017. Amma wa ke samu? Kamfani mai rajista, wanda kayansa suka bi ta banki da takardu, kuɗinsa suka dawo ta banki. Ku da ke tara riɗi da zoɓo da citta da ƙaro buhu biyar buhu goma a kasuwannin ƙauye kuna kaiwa Dawanau, ku ne tushen kayan, amma sunanku ba ya kan ko wace takarda. Mai lasin na zamanin da ya sake suna, ya zama mai rajista.

Ga kuma abubuwan da ba su bukatar izinin Abuja ko kaɗan, a nan ne amsar ba huruminmu ba ne ta ke faɗuwa. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Nijeriya, domin an sami maganin ƙwari a cikinsa fiye da kima, aka yi ta sabunta hanin shekara da shekaru. Maganin nan a rumbunanmu da shagunanmu a ke zuba shi, domin mai wake yana tsoron ƙwari ba shi da wata hanya. Koya wa manomi ajiya a buhu mai toshe iska, da sa malaman gona su zaga, da gina ɗakin gwaji kusa da babbar kasuwa yadda za a auna kaya tun ba su bar gari ba, da ɗakunan ajiya da gyaɗa ba za ta yi fumfuna ba, wannan duk aikin jiha ne. Hanyar da ta tashi daga ƙauye zuwa kasuwa ta jiha ce da ƙaramar hukuma. Igiyoyin da a ke gicciyawa a hanya, ko wane da rasit ɗinsa, da yawansu yaran jiha ne da na ƙaramar hukuma. Direbobin da ke cikin taron nan su faɗa mana sau nawa su ke tsayawa kafin su kai Ikko, kuma daga aljihun wa kuɗin ke fita in ba daga farashin da a ke ba mai kaya ba. An buɗe tashar kaya ta tudu a Kaduna a 2018, an buɗe ta Dala a Kano a 2023, domin a gama da kwastan a gida. Tashar tudu kuwa ba jirgin ƙasa mai zuwa kan lokaci, fili ne da katanga. Tun Maris 2023 an gyara tsarin mulki, jihohi ma suna da ikon yin dokar reluwe da gina layi. Wannan uzuri ma ya ragu.

Saboda haka idan ɗan takara ya zo rumfarku ya ce a ba jihohi ikon cinikin waje, kada ku ƙi shi, kada kuma ku tafa tukuna. Ku tambaye shi wa zai yanka farashi, kuma ko mai kaya yana da kujera a wurin yankawa. Ku tambaye shi in an riƙe wani abu daga farashi, nawa ne a buhu, a ina za a rubuta shi kowa ya gani. Ku tambaye shi lasin da rance da rumfa a tashar tudu, da wane ma'auni za a raba su. In ya ce a dawo da hukumar ciniki, ku ce masa kun yarda ta saya, amma ta saya a kasuwa kamar kowa, mai kaya ya zaɓi wanda ya fi biya, kada a sake yin dokar da ta ce ita kaɗai.

Namu aikin kuwa ga shi. Ofishin jam'iyya zai buɗe littafi daga ran kasuwa mai zuwa. Ko wane reshe ya naɗa mutum biyu masu rubutu, ko da boko ko da ajami, su riƙa kawo farashin buhun riɗi da wake da gyaɗa da zoɓo a kasuwarsu ko wane mako, da kuɗin mota zuwa babbar kasuwa, da yawan wuraren da aka tsai da mota, da abin da aka biya a ko wane wuri. Rasit ɗin da aka ba ku kada ku yar, ku kawo. Masu son haɗa kai su yi rajistar ƙungiyar gama-kai, domin kayansu su fita da sunansu su ma su nemi tallafin, su tsaya bayan taro za mu nuna musu takardun da a ke cikawa. Bayan wata uku za mu haɗa lissafin mu buga a jaridar nan, mu aika wa ɗan majalisar ko wace mazaɓa da kwafi.

Shugaba, mun ɗauki lokaci da yawa. Mai tambaya ya ɗaga hannu, a fara da iyayenmu mata na baya can, su da za su koma gida da wuri.